Mayasteniya garabis: ƙwaya, tiyata ko musanyar ruwan jini, wanne ya dace da wa?

Mai wannan cuta yakan tashi da safe garau. La'asar na yi, fatar ido ɗaya ta fara sauka kamar mai gyangyaɗi, abu ɗaya ya koma biyu a idonsa. In ya zauna cin tuwo, loma biyar ɗin farko su wuce lafiya, daga nan muƙamuƙi ya gaji, har sai ya tallafe haɓa da hannu. In ya daɗe yana magana murya ta koma ta hanci. Ya ɗan kwanta ya huta, ƙarfi ya dawo. Wannan zuwa da komawa ne ke sa dangi su ce lalaci ne, ko sammu, ko farkon shanyewar ɓarin jiki. Likitoci na kiran ta mayasteniya garabis, kuma tana da magunguna har kashi huɗu waɗanda aikinsu ya sha bamban. Wanda bai san inda kowannensu ke taɓawa ba zai iya kashe kuɗi a kan wanda bai dace da shi ba.

A nan in an ce jijiya, ana nufin wadda ke ɗauko saƙo daga laka zuwa tsoka, ban da ta jini. Bakin wannan jijiya ba ya taɓa tsoka. Akwai ɗan gibi tsakaninsu, faɗinsa kusan nanomita 50, wato sai an jera irinsa dubu ashirin kafin a cika milimita ɗaya. Saƙon lantarki in ya iso bakin jijiya sai ya buɗe ƙofofin kalsiyam, kalsiyam ya shiga, ƙananan jakunkuna su fashe su zubo wani sinadari mai suna asetilkolin cikin gibin. Sinadarin ya haye, ya zauna a kan makarɓansa da ke jikin tsoka, sodiyam ya kwarara ciki, tsoka ta motsa. Nan take wani sinadarin mai shara, asetilkolinestares, ya farfasa shi don a share fage wa saƙo na gaba. A jikin mai lafiya abin da ake zubowa ya fi abin da ake buƙata nesa ba kusa ba, shi ya sa ko an yi ta aiki tsoka ba ta rasa saƙo.

A mayasteniya garkuwar jiki ce ke juyowa kan makarɓan. Tana ƙera antibodi, wato sinadaran da jiki kan yaƙi ƙwayoyin cuta da su, masu toshe makarɓan, ta sa tsoka ta haɗiye su da wuri, ta kuma kira wata rundunar sinadaran jini da ake ce wa kwamfilimen ta rugurguza wurin. Makarɓai sun ragu, rarar nan ta ƙare. Saƙon farko ya wuce, na goma ya wuce da ƙyar, na hamsin ya faɗi a hanya. Zafi na ƙara dagula lamarin, shi ya sa bazara ke wahalar da masu cutar, shi ya sa kuma likita kan ɗora ƙanƙara a kan idon da ya sauka na minti 2: in fatar ta ɗaga da milimita 2 ko fiye, alama ce mai ƙarfi.

Kafin a yi maganar magani akwai abu uku da dole a sani, don su ne ke yanke hukunci. Na farko, wace antibodi ce a jini. Kusan kashi 85 cikin 100 na waɗanda cutar ta bazu a jikinsu suna da wadda ke kai wa makarɓan asetilkolin hari, wadda takardar gwaji ke rubutawa AChR. Kaɗan, ƙasa da kashi 10, suna da MuSK, mai kai wa wani sinadarin da ke tara makarɓan wuri ɗaya hari, wadda aka gano a 2001, kuma halinta daban ne: ta fi kama maƙogwaro, wuya da numfashi. Na biyu, hoton CT na ƙirji, don duba taimus, wani nama mai kama da kaluluwa da ke bayan ƙashin ƙirji. Mutum 10 zuwa 15 cikin 100 na masu cutar suna da ƙari a wurin. Na uku, ko cutar ta tsaya a ido ne ko ta sauka jiki. Wanda ya shekara biyu tana ido kawai, da wuya ta wuce nan.

Piridostigmin: sanda ce ta dogarawa

Ana sayar da shi da sunan Mestinon, ƙwaya mai miligiram 60. Aikinsa ya riƙe hannun mai shara, asetilkolin ya ɗan daɗe a gibin ya sami makarɓan da suka rage. Dabarar ta samo asali ne a 1934, lokacin da wata likita a Landan, Mary Walker, ta lura cutar na kama da gubar kurare, wata gubar kibiya mai shanye tsoka, ta gwada maganin gubar a kan mai cutar, fatar ido ta ɗaga.

Ana farawa da rabin ƙwaya, miligiram 30, sau uku ko huɗu a rana, a ƙara a hankali zuwa 60 sau huɗu ko biyar. Yana fara aiki cikin minti 30 zuwa 45, ya sake bayan awa 3 zuwa 4. Don haka mai wahalar tauna ya sha shi rabin awa kafin abinci, kada ya bari sai an ajiye kwano. Mai son yin azumi ya zauna da likitansa tun kafin watan ya kama, saboda maganin awa huɗu ba zai kai mutum daga sahur zuwa magariba ba.

Illarsa daga ciki take fitowa: murɗawar ciki, gudawa, yawan miyau, zufa, tsoka na rawa ita kaɗai, wani lokacin bugun zuciya ya ragu. Mai asma ya yi hattara. In aka zarce ƙima, maganin da kansa ke jawo rauni, domin makarɓai sun cika sun daina amsawa. Irin abin da fiya-fiya ke yi wa wanda ya sha ta ke nan, ita ma mai sharar take kamawa, sai dai ita ba ta saki da wuri. Wanda ya ga yana neman wuce ƙwaya shida a rana kuma bai ji daidai ba, ƙarin ƙwaya ba zai fisshe shi ba, lokacin hawa mataki na gaba ne ya yi.

Piridostigmin bai taɓa antibodi ko ɗaya ba. Ya isa shi kaɗai ga mai cuta mara tsanani, musamman faɗuwar fatar ido. A gani biyu-biyu bai cika yin abin kirki ba, masu MuSK kuwa sau da yawa illarsa kawai suke kwasa.

Pirednisolon da masu rage masa kaya

A nan ne maganin cutar kanta ya fara. Pirednisolon na danne garkuwar jiki, yana da araha, ana samun sa ko'ina, kuma yawancin masu cutar suna jin sauƙi cikin mako 2 zuwa 8. A cikin ƙwayoyin danne garkuwa babu wanda ya kai shi sauri. Amma akwai tarko a farkonsa da mutane da yawa ba su sani ba: in aka fara da babban adadi kai tsaye, rauni kan ƙaru a tsakanin kwana na 5 da na 10, wani har numfashi ya gagare shi. Saboda haka wanda ke gida akan fara masa da miligiram 10 zuwa 20 a rana, a riƙa ƙara 5 duk bayan 'yan kwanaki, har a kai inda alamun suka kwanta, ba a cika wuce miligiram 1 ga kowane kilo na nauyin jiki ba. Babban adadi tun ranar farko sai wanda ke kwance a asibiti ana kallon numfashinsa. Mai cutar ido kawai sau da yawa miligiram 20 ko ƙasa da haka ta ishe shi.

Saukowa ta fi hawa wuya. Ana ragewa ne wata-wata, kuma in an zo ƙasa da miligiram 20 ragin yakan koma ƙanana ƙwarai. Wanda ya ji sauƙi ya yanke shi rana ɗaya ya jawo wa kansa masifa biyu: cutar ta dawo, jikin kuma ya riga ya daina ƙera nasa sinadarin, hawan jini ya faɗi warwas.

Kuɗin da ake biya da jiki yana da yawa in aka daɗe a sama: ciwon sukari, hawan jini, ƙiba da kumburin fuska, yanar ido, lalacewar ƙashi, rashin barci, sauyin hali. Kafin a fara ya kamata a auna sukari da hawan jini, a duba tarin fuka da ciwon hanta nau'in B. A ƙasashenmu waɗannan biyun ba abin wasa ba ne, don suna kwanciya shiru a jikin mutane da yawa, da zarar an danne garkuwa su farka. Ana kuma haɗa wa mai shan sa kalsiyam da bitamin D saboda ƙashi.

Don kada a dawwama a kan babban adadi ne ake haɗa shi da wani magani. Azatayopirin, wanda aka fi sani da Imuran, shi ne na gargajiya. Ana farawa da miligiram 50 a rana, a kai shi 2 zuwa 3 ga kowane kilo. Matsalarsa jinkiri: wata 6 zuwa 12 kafin a ga amfaninsa, wani har fiye. Nan ne da yawa ke karaya su ce ba ya aiki, alhali lokacinsa ne bai yi ba. Yana iya taɓa ɓargo da hanta, don haka gwajin jini duk mako a farko, sannan duk wata, sannan duk wata uku. Inda ake da gwajin TPMT a yi shi kafin a fara, yana nuna wanda jikinsa ba zai iya narkar da maganin ba. Kusan mutum ɗaya cikin goma kan yi zazzaɓi, amai da ciwon jiki a makonnin farko, a ɗauka maleriya ce, sai an dakatar da maganin a ga ta wuce. Kada a haɗa shi da alofurinol na ciwon gaɓɓai ba tare da likita ya rage adadin sosai ba, haɗin na iya kashe ɓargo.

Maikofenolet, giram 1 sau biyu a rana, ya fi sauƙi a hanta, amma ya fi tsada kuma yana nakasa ɗan tayi. Metotireksat ana shan sa sau ɗaya a mako, yana da araha, shi ma haramun ne ga mai ciki. Macen da ke shekarun haihuwa, kuma su ne suka fi yawa a cikin matasan masu cutar, azatayopirin ya fi mata kwanciyar hankali.

Tiyatar cire taimus

In hoto ya nuna ƙari a taimus, babu zaɓi, cirewa za a yi ko da cutar ba ta da tsanani, saboda ƙarin na iya cin abin da ke kewaye da shi. Gardamar tana ga wanda ba shi da ƙari. An shafe fiye da shekara saba'in ana yin wannan tiyata, tun rahoton Alfred Blalock na 1939 a Amurka, ba tare da tabbataccen gwaji ba. Sai a 2016 aka fitar da sakamakon binciken da ake kira MGTX. Mutum 126 ne, masu shekara 18 zuwa 65, duka masu AChR, cutar ta bazu a jiki kuma ba ta kai shekara 5 ba. An raba su biyu: wasu tiyata da ƙwayar danne garkuwa, wasu ƙwayar kaɗai. Bayan shekara 3, waɗanda aka yi wa tiyata sun fi ƙarfi kuma adadin ƙwayarsu ya fi ƙanƙanta. Kashi 17 cikin 100 ne suka buƙaci azatayopirin, a ɗaya ɓangaren kashi 48. Kwanciya asibiti saboda tashin cutar kashi 9 ne, a can kashi 37.

Wannan sakamako mai nauyi ne, kuma ga matashi mai AChR wanda cutar ta sauka jikinsa, musamman ƙasa da shekara 50, tiyata ta cancanci a yi tunaninta tun da wuri, ba sai an gaji da ƙwaya ba. Amma a fahimci abin da ake saye. Ba a tashi daga gadon tiyata a jefar da magani. Amfanin yana zuwa ne cikin watanni zuwa shekaru, kuma abin da aka fi samu shi ne raguwar magani, warkewa gaba ɗaya rabo ne na wasu. A binciken an tsaga ƙashin ƙirji ne, yanzu asibitoci da yawa suna yi ta ƙananan huji da kyamara, jinya ta fi gajarta, sharaɗin dai a kwashe naman duka har da kitsen da ke kewaye.

Ba tiyatar gaggawa ba ce. Ana jira sai cutar ta lafa, in akwai raunin haɗiya ko numfashi a fara da IVIG, wato ƙarin ruwan antibodin masu ba da jini, ko musanyar ruwan jini. Asibitin kuma ya zama yana da na'urar taimaka wa numfashi da mai ba da maganin barci da ya san cutar, domin allurar sassauta tsoka da ake yi wa kowa lokacin tiyata tana kama mai mayasteniya fiye da ƙima. Mai MuSK ba ya amfana da tiyatar. Mai cutar ido kawai ba a fara masa da ita.

In numfashi ya fara gazawa

Mutum 15 zuwa 20 cikin 100 na masu cutar sukan shiga wannan hali ko sau ɗaya. Alamunsa: kai ya ƙi tsayawa a wuya, ruwa na fitowa ta hanci, miyau ya gagara haɗiyewa, ba a iya kwanciya rigingine. Gwajin da kowa zai iya yi a gida shi ne a ja numfashi ɗaya a yi ta ƙirge da murya. Mai lafiya yana wuce 30 ba wahala, wanda ya tsaya ƙasa da 20 a kai shi asibiti a daren. Kada a dogara da na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, takan nuna 97 har zuwa dab da lokacin da tsokar numfashi za ta ajiye aiki. A asibiti ana auna yawan iskar da huhu ke iya fitarwa, in ta sauka ƙasa da mililita 20 ga kowane kilo sai ɗakin kulawa ta musamman.

Hanya biyu ce ta gaggawa. IVIG antibodi ne da aka tace daga jinin dubban masu ba da jini, ana sa shi kamar ƙarin ruwa, giram 2 ga kowane kilo a rarraba cikin kwana 2 zuwa 5. Mai kilo 60 zai sha giram 120, nan ne tsadar take. Ba ya buƙatar na'ura, ƙaramin asibiti ma zai iya. Illarsa ciwon kai, zazzaɓi, daskarewar jini a jijiya da taɓa ƙoda, don haka tsoho ko mai ciwon ƙoda sai a hankali da isasshen ruwa. Musanyar ruwan jini kuwa na'ura ce ke zuƙo jini, ta ware ruwan da antibodi ke ciki ta zubar, ta mayar da ƙwayoyin jinin tare da albumin, wani furotin na ruwan jini. Ana yi kusan sau 5, rana ɗaya a tsallake ɗaya, cikin kwana 10 zuwa 14. Tana kama da wankin ƙoda a ido amma aikinsu daban. Tana buƙatar babban bututu a jijiyar wuya ko cinya, wanda ƙwayar cuta kan bi, hawan jini na iya faɗuwa, kalsiyam ya ragu leɓe ya yi ta tsikari.

A gwaje-gwaje biyun sun yi kusan kunnen doki. Musanya ta ɗan fi sauri, kuma ita aka fi so ga mai MuSK da wanda ya riga ya hau na'urar numfashi. IVIG ya fi dacewa da yaro, mai ciki, mai raunin zuciya da wanda ƙwayar cuta ta shiga jininsa. A aikace wanda ke kusa shi ne daidai. Kada dai a yi musanya bayan an sa IVIG, za a wanke kuɗin a zuba a bokiti. Dukansu amfaninsu makonni ne, da wuya ya wuce wata biyu zuwa uku, saboda haka tun a gadon asibiti ake fara maganin dogon zango.

Sababbin allurai

Rituksimab na kashe ƙwayoyin da ke ƙera antibodi. Ana ba da giram 1 sau biyu da tazarar mako biyu, kuma amfaninsa kan kai wata shida ko fiye. Ga mai MuSK da bai amsa pirednisolon ba, wannan ne ya kamata a nufa da wuri maimakon a yi shekara ana jiran azatayopirin. Gwajin ciwon hanta nau'in B dole ne kafin sa. Ekulizumab, wanda Amurka ta amince da shi don wannan cuta a 2017, yana toshe kwamfilimen, sai dai yana buɗe ƙofa ga sanƙarau, don haka rigakafi wajibi ne, kuma ga mazaunin yankin Sahel wannan haɗari ne na gaske. Efgartigimod, na 2021, yana sa jiki ya zubar da antibodi da sauri. Waɗannan biyun tsadarsu ta fi ƙarfin kusan kowa in ba inshora ko gwamnati ce ke biya ba.

Duk wanda aka zaɓa a cikin waɗannan, allura ɗaya ta kuskure na iya rushe shi. Jentamaisin da sitireptomaisin suna rage fitar asetilkolin. Sifirofuloksasin da danginsa, waɗanda ake ba kowa da sunan taifot, hukumar magunguna ta Amurka ta sa musu babban gargaɗi game da masu mayasteniya. Azitiromaisin, eritiromaisin, furofaranolol, kwinin da kulorokwin duk suna cikin jerin. Mafi haɗari a ɗakin haihuwa shi ne magnesiyam salfet, allurar da ke ceton mata daga jijjiga: yana hana kalsiyam shiga bakin jijiya, mai mayasteniya na iya daina numfashi a kansa. Mai ciki ta sa a rubuta sunan cutar da manyan baƙaƙe a katin awonta, ta haihu a asibitin da ke da sashen jarirai, domin jariri 1 zuwa 2 cikin 10 kan zo da raunin tsotso da kuka mara ƙarfi saboda antibodin uwa da suka ratsa mabiyiya. Yakan bayyana cikin kwana biyu zuwa uku na farko, ya wuce cikin makonni, shi ya sa ba a gaggauta sallamar su ko da jaririn ya fito lafiya.